Kofur Haruna Bai Koma Gida Ba

Da hantsi motar albasa ta sauke ni a kasuwar Mile 12, bayan kwana biyu ina zaune kan buhuna. Idona jajur, rigar da na kai wa mai bugu kafin in taso ta koma tsumma, ga jakar fata a hammata cike da takardu da biro har uku. Ni malamin firamare ne, shekara goma sha ɗaya ina koyar da tarihi da labarin ƙasa, don haka na shigo Legas da taƙamar wanda ya daɗe da saninta a taswira. Ban yi taku ashirin ba wani ɗan dako ya mangare ni da kwandon tumatir. Ya waiwayo ya ce, "Malam, nan ba a tsayawa kallo. Ko ka tafi, ko a tafi da kai." Na buɗe baki zan rama, kafin in haɗa magana ya ɓace cikin mutane.

Dogon hutu ne na shekarar dubu biyu, damina ta kankama, soja sun koma bariki shekara guda ke nan. Ba aiki na zo nema ba. Kakana na zo nema, ko in ce labarinsa.

Sunansa Haruna. Ya shiga soja lokacin yaƙin duniya na biyu, aka kwashe su zuwa ƙasar Bama, can gaba da Indiya, ya bar matarsa Hajara da yaro a goye, mahaifina ke nan. Da yaƙi ya ƙare wani ɗan garinmu ya dawo ya rantse cewa a kan idonsa ruwa ya ci Haruna. Aka yi sadaka, Hajara ta yi takaba, daga baya ta auri Idi ƙanen mamacin don ya riƙe marayan. Haka muka tashi muka ji, haka na sha ba yara labari a aji, ina ƙara gishiri.

Sai da kaka Hajara ta rasu, shi kuma Baba ɓarin jikinsa ya shanye, sannan ya kira ni ɗaki ya ce in saki labule. Ya ce shekara kusan talatin da suka wuce wani falken goro ya tare shi a Kano, ya ce masa ya ga mahaifinsa da ransa a Agege ta Legas, ana ce masa Kofur. Baba ya haɗiye maganar saboda mahaifiyarsa. Bai je ba, bai aika ba.

"Wanda bai neme ni ba, ina ni ina nemansa?" in ji shi. Sannan ya ce, "Amma ba na so in mutu da abin a raina. Ka je ka binciko mini, Isiyaku. In yar da ni ya yi ya manta, kada ka ɓoye mini. In san matsayina kafin in tarar da shi."

Motar haya biyu na hau, irin wadda suke kira danfo, kafin in isa Agege, ta biyun ta wuce da ni don ban san yadda ake cewa a tsaya ba. A bakin layin dogo na fara jin Hausa ta ko'ina, raina ya ɗan kwanta. Na sami wurin shimfiɗa a zauren wani masallaci tare da 'yan ci-rani, masu gyaran takalmi da masu yankan farce, da wani mai shayi ɗan Nijar da ake kira Mamman. Washegari na zaro littafi da biro na fara bi rumfa-rumfa.

Nan na gane ashe kowace kwana a Agege da nata Kofur. Duk tsohon da ya taɓa sa kaki, ko da na gadin sito ne, in ba Kofur ba ne to Saje ne. Cikin kwana huɗu an nuna mini gidajen Kofur biyar. Ɗaya Bazabarme, ɗaya mutumin Barno, biyu yaƙin basasa suka yi ba na Bama ba. Na biyar kuwa yana nan da ransa yana sayar da maganin basir, ya ce in ina so ya zama kakana shi ba shi da ja.

Na ce to, baki ya gaza, bari in koma ga takarda, tunda ita ba ta ƙarya. Aka kwatanta mini wani ofishi na tsofaffin sojoji. Na tarar da tsofaffi jere kan benci, wasu da hular soja da ta koɗe, suna jiran farar hula su tuna da su. Akawun ya tambaye ni sunan wanda nake nema, na ce Haruna ɗan Ibrahim. Ya yi dariya, bencin ma ya ɗauka.

Wani tsoho mai ido ɗaya ya jawo gefen rigata. "Yaro, Bature ba ya rubuta sunan uba. Garin da aka ɗauke ka, shi ne ubanka. Ni nan Garba Sakkwato ne, kuma ban taɓa kwana a Sakkwato ba sai ranar da aka auna ƙirjina. A ina aka ɗauki naka?"

Na ce ina jin a Kano. Akawun ya jawo wani ƙaton littafi da gara ta ci gefensa, ya buɗe, ya juyo mini shi. Haruna Kano, Haruna Kano, Haruna Kano, har shafi ya cika ya tsallaka na gaba. Ya ce in kawo lamba. Ba ni da lamba. Na fito na tsaya a bakin titi da birona uku, ban rubuta ko harafi ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ina tambayar wasu dattawa a ƙofar masallaci, sai wani mai farin gemu da doguwar carbi ya matso. "Kofur Haruna ka ce? Allahu akbar! Ai da hannun nan nawa na sa shi a kabari." Ya siffanta mini shi: dogo, baƙi, mai haƙuri, ba ya wasa da salla. Yanzu da nake rubutu na san rabin mazan ƙasar Hausa ya siffanta, amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na bi shi zuwa maƙabarta kamar raƙumi da akala.

Ya tsaya gaban wani kabari ya share ƙwalla. "Ga shi nan. Cire takalminka, kawo jakar in riƙe maka. Ba a gai da manya da kaya a hannu."

Na durƙusa na rufe ido. Na karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, na yi addu'a, kuma wallahi kuka na yi na gaske, kukan da ban yi ba ko ranar da kaka Hajara ta rasu. Da na shafa na buɗe ido, ba mai gemu, ba jaka, ba takalmi.

Mai gadin maƙabartar ya iso da fartanya a kafaɗa ya ce wa na rasa. Na faɗa masa. Ya dubi kabarin, ya dube ni. "Malam, wannan layin bara aka buɗe shi. Wannan wata mai waina ce, Allah ya ji ƙanta, yau ta tashi da sa'a. Na wancan zamani kuwa, ko itacen da aka kafa ya daɗe da ruɓewa. Sai dai ka yi wa maƙabartar addu'a gaba ɗaya, tasa ta same shi."

Haushin kaina ya fi na ɓarawon. Na fito ina taka taɓo da ƙafa tsirara, ina zage-zage a zuci. Wata Bayarabiya mai gasa masara a bakin hanya ta ƙwala mini kira, "Mala! Mala!" Ta dubi ƙafata, ta girgiza kai, ta cire silifas ɗin da ke ƙafarta ta tura mini. Ba ta jin Hausa, ba na jin Yarbanci. Na yi ta godiya, ita kuma tana ta faɗa da hannu, ina jin cewa take mutum da girmansa yaya zai bari a yi masa haka. Ta haɗa mini da masara guda. Silifas ɗin bai kai dunduniyata ba, amma da shi na ƙarasa zamana a Legas.

Daga nan zazzaɓi ya kayar da ni kwana uku. Ina kwance a zauren masallaci ruwa na dukan kwano, ba abin da nake tunawa sai ƙarar turmin gidanmu da la'asar, da tuwon dawa miyar kuka, da faɗan matata a kan na bar alli a aljihun riga. Kewar gida ta kama ni har na ji kunyar kaina. A kwancen nan na shirya ƙarya mai kyau da zan kai wa Baba: na sami kabarin, mutane sun ce kullum yana ambatonka. Na gyara ta, na sake gyarawa. Amma na san Baba, tun ina yaro ba na iya yi masa ƙarya ya kasa ganinta a goshina.

Mamman mai shayi ne ya yi jinyata, yana kawo mini ruwan zafi da citta. Rana ta uku ya zauna kusa da ni ya ce, "Malam, ni ban yi boko ba, amma in tambaye ka. Kana ta neman soja, neman soja. Mutum ya yi soja shekara huɗu, sauran shekara arba'in ɗin fa, me ya yi? Wa ka ce ya gan shi?"

Na ce falken goro.

"To falken goro a bariki zai gan shi?"

Da gari ya waye na ja silifas ɗina na nufi rumfunan goro.

Wuri ne mai sanyi da ƙanshin ɗanyen ganye. Mata na zaune suna tsince goro suna ware mai tsutsa, maza na shimfiɗa ganye a kwando suna jerawa, su rufe da buhu su ɗaure huhu da igiya. Na tambayi wani tsoho mai ɗauri ko ya san wani Kofur Haruna. Bai ko ɗago ba ya ce, "Mai tsoron ruwa? Shi ya koya mini ƙullin nan. Je ka ga Alhaji, ga shi can kan kujera."

Alhaji mai rumfar, kakkauran mutum ne ɗan kimanin shekara hamsin, haifaffen Agege. Yana magana da ni yana ba yara umarni da Yarbanci, Hausarsa kuwa rabi da rabi ce.

"Ah, Baba Kofur! Sebi wanda ba ya hawa gada? Na san shi well well. Tun zamanin babana yake ɗauri a nan. Huhun da ya ɗaure, ka kai shi Maiduguri, no wahala, ko ɗaya ba zai lalace ba. Shekara sha biyar ke nan da rasuwarsa. Daga wajen Ringim yake, ko?"

Garinmu kuwa tafiyar sa'a biyu ce a ƙafa daga Ringim. Alhaji ya nuna mini wani ɗan ɗaki a bayan sito, yanzu an cika shi da kwanduna. Nan kakana ya zauna kusan shekara arba'in. Bai yi aure ba. Bai taɓa tsallaka gada zuwa cikin Ikko ba, in aka yi ruwa kwata ta cika ba ya fita sai ta janye. Na tsaya a ƙofar ɗakin, sannan na yi tambayar da ta kawo ni, ko ya taɓa cewa ya bar ɗa a gida.

"Ɗa? Never. Ni ban taɓa ji ba. Oga, kada ka ji haushi, amma mutumin ba ya son yara. Ni nan a gabansa aka haife ni, har ya mutu bai taɓa kiran sunana ba. Sai 'kai', sai 'ku gaya wa wancan'. In na shigo rumfa ya kau da kai. Har yau ban san me na yi masa ba."

Ji na yi kamar zazzaɓin ya dawo. Alhaji ya lura, ya sa aka kawo mini shinkafa, ya ce in kwaso tabarmata daga masallaci in dawo gidansa, jikan Baba Kofur ba zai kwana a zaure ba. Ya ce aboki ɗaya ya san tsohon da shi, wani Kirista ɗan Filato, tsohon ma'aikacin reluwe, da ke zuwa kowace Lahadi in an tashi daga coci. In yana raye, a Ebute Metta zan same shi. Sunansa Yohanna.

Yana raye. Kwana biyu na yi ina yawo a bayan layukan jirgi kafin in same shi, zaune kan kujerar katako a ƙofar ɗaki, idonsa ya yi yana amma bayansa a miƙe. Na yi sallama na gaishe shi. Ya karkato kunne ya ce, "Sake magana." Na sake gaishe shi. Ya ce, "Wannan muryar Haruna ne. Kai wane ne nashi?" Na ce jika. Ya miƙe tsaye dafe da bango, ya karanto wata lamba da Turanci tiryan-tiryan, ya ce ta Haruna ce, sannan ya zauna ya kama hannuna bai saki ba har ya gama labari.

"Mu ba bindiga aka fara ba mu ba, gammo aka ba mu," in ji shi. "Dutsen Bama mota ba ya hawa, wani wuri alfadari ma ba ya hawa. Mu ne muna ɗauka akwatin harsashi a kai, da abinci, da wanda aka harbe. Haruna igiya biyu ne da shi, shi yana gaban layi. Wata rana muna ƙetare kogi da igiya, ruwa ya zo da ƙarfi, ya tafi da shi da akwati a kai. Kowa ya ce ya mutu. Wanda ya kai labari garinku bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa."

Ashe wasu masunta ne suka tsamo shi can ƙasa. Ya yi watanni a asibitin soja a Indiya, ƙirjinsa ya ƙi warkewa. Can Yohanna ya tarar da shi, shi ma an kai shi da rauni a cinya. Sai da aka kwashe kusan kowa sannan aka sako su a jirgin ruwa, fiye da shekara bayan 'yan garinmu sun dawo. Da aka sallame su Haruna ya ce lalle Yohanna ya raka shi gida ya ci tuwon matarsa. Ya sayi turmin atamfa, suka hau jirgin ƙasa.

"Mun sauka tashan Ringim ranar kasuwa. Ya ce ba zai shiga gida da gashin asibiti ba. Ya ga wanzamin garinku a gindin bishiya, ya zauna gabansa bai ce komai ba, yana so ya ba shi mamaki. Wanzami ya aske rabin kai, ya zagayo ta gaba, ya ga fuska. Ya yar da aska, ya ce fatalwa. Da ƙyar muka riƙe shi."

Da wanzamin ya natsu sai ya faɗi komai. An yi sadakar uku, an yi ta arba'in, an raba gado. Hajara ta fita takaba ta auri Idi. Kwana biyar ke nan da ta haifa masa 'ya mace, jibi suna, shi ne ma zai yi askin.

"Haruna ya zauna da rabin kai, bai motsa ba. Can ya ce, 'Yaron fa?' Wanzami ya ce yana nan lafiya, Idi ya riƙe shi kamar nashi, har ya sa shi makarantar allo. Haruna ya ce, 'To, ƙarasa askin.'"

Da aka gama ya sa wanzamin ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Ya ba shi atamfar ya ce ya kai barka a matsayin tasa. Yohanna ya ce shi ya yi ta faɗa, yana cewa matarka ce, ɗanka ne, gidanka ne.

"Ni Kirista ne, ban san shari'anku ba. Amma ya ce mini, 'Yohanna, in na shiga garin nan alƙali zai raba auren. Jaririyar nan za ta tashi ana nuna ta da baki. Idi ba zai ƙara iya haɗa ido da ni ba. Ita kuma, tsakanin wa da ƙane, ina za ta sa kanta? Yaron ya saba da uba, a sake ce masa ga wani. Mutum huɗu su tagayyara don mutum ɗaya ya koma ɗakinsa? An riga an yi mini sadaka, bari in karɓa.' Jirgin da ya dawo daga Nguru, shi muka hau."

Jaririyar nan ita ce Gwaggo Ladi, wadda ta ƙulle mini dambun nama a leda ranar da zan taho, ba ta ma san inda za ni ba. Ta rayu da mutuncinta, ta ga jikoki, ta koma ga Allah ba wanda ya taɓa ɗaga mata gira. Sai bayan rasuwarta na iya rubuta wannan.

Na tambayi Baba Yohanna ko bayan haka kakana yana maganar ɗansa.

"Jikana, ba zan yi maka ƙarya ba. Shekara arba'in muna tare, ban ji ya faɗa sunan yaron ba. Ni ko sunan ban sani ba. In na taɓa maganan, sai ya ce goro ya yi kyau bana."

Ya sa aka ɗauko wani gwangwanin taba, ya ba ni littafin sallamar kakana daga soja da lambar yabo guda da ta yi tsatsa. Na fito rabin zuciyata ta yi sanyi, rabi tana nan da nauyinta. Dalilin ƙin komawa na samu, kuma dalili ne da mutum zai faɗa ya ɗaga kai. Amma ba shi Baba ya aike ni nema ba. Mutum yana iya yin abin kirki rana ɗaya, sannan ya rufe babin ya manta. Mutum biyu da suka fi kowa saninsa sun ce bai taɓa ambaton ɗansa ba, kuma haka zan je in faɗa.

Na koma Agege yin sallama. Alhaji ya ce ba zan tafi ban gai da mahaifiyarsa ba. Hajiya tsohuwa ce tukuf, daga wani ƙauyen Zazzau aka kawo ta aure tana yarinya, amma bakinta bai sauya ba ko kaɗan. Na same ta a baranda da faifai tana tsince goro. Na durƙusa muka gaisa, ta sa mini albarka, sannan ta ɗaga murya.

"Salisu! Ka zaɓo wa baƙon nan daushe mai kyau ya kai gida."

Na ɗago kai. Kwana nawa ina gidan nan, Alhaji kawai nake ji, yara su ce Oga. Na ce, "Hajiya, wa kika kira?"

"Wannan ƙaton mana. Ko don ya je Makka sai in daina kiran sunan da na raɗa masa? Shi ne na huɗu a ɗakina."

Na ce, "Sunan mahaifina ke nan."

Ta ajiye faifan a hankali. "Ɗan Kofur ɗin? Shi ne na fari?"

"Shi kaɗai ne ma, Hajiya."

Ta tafa hannu. "Na faɗa! Wallahi na faɗa wa mahaifin wannan tun yana raye, ya ce surutun mata ne." Ta juya ga Alhaji. "Ranar sunanka Kofur ne ke raba goro a ƙofar gida. Ana faɗar suna ya dire tiren a ƙasa, ya zaga bayan sito, ba a ƙara ganinsa ba sai la'asar. Tun ranar na san akwai mai sunan nan a wani wuri. Ku 'yan Ikko me kuka sani? A garinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Ba ya wasa da shi a gaban mutane. Ko mai sunansa ya gani sai ya kau da kai. Kunya ce."

Alhaji ya ce, "But Hajiya, ai ƙi na yake yi. Ko kallona ba ya yi."

"Ƙin ka? Shekarar da ƙyanda ta kama ka, babanka yana Kano, ruwa ya shafe titi, wa ya goya ka zuwa asibiti? Mutumin da ba ya tsallake kwata, ran nan ya shiga ruwa har ƙugu, yana rawar jiki kamar mazari, ina biye da shi. Takalmin salla da kake samu kowace shekara kana yi wa babanka godiya, wa kake tsammani? Ni yake ba, ya ce in ba wancan, kada in faɗa. Ni kuwa na riƙe masa. Yanzu tunda jininsa ya zo, amana ta isa inda za ta."

Alhaji ya cire hula ya zauna a dandamali. Ba abin da yake cewa sai, "Ah. Ah, Baba Kofur."

Ni kuwa kunya ce ta fara rufe ni. Wannan al'ada na sha rubuta ta a allo yara suna kwafa. A gidanmu ma, ban taɓa jin Baba ya kira sunan babban yayanmu ba, sai dai ya ce ina wancan. Amma da yake ni na uku ne, ana kiran nawa sunan safe da yamma, ban taɓa tsayawa na ji nauyin abin ba. Bayan kunyar sai wani sanyi ya sauko mini tun daga wuya har ƙafa. Na fashe da dariya hawaye na zuba, Hajiya tana cewa, "Yi abinka, ɗan nan, yi abinka."

Alhaji da kansa ya sa ni a motar goro mai zuwa Kano, a gaba kusa da direba. Na isa gida ana kiran azahar. Ban ko wanke ƙafa ba na shiga ɗakin Baba na saki labule. Ya rame fiye da yadda na bar shi. Na zauna bakin tabarma na ba shi labarin kogi, da asibiti, da wanzami da rabin aski. Da na kai kan Gwaggo Ladi ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce wannan ta tsaya a ɗakin nan. Sannan ya dube ni.

"Ni fa? Ya ambace ni?"

Na ce, "Bai taɓa faɗar sunanka ba, Baba."

Fuskarsa ta ɗaure. Na ce ya bari in ƙarasa. Na gaya masa akwai wani yaro da aka haifa a gidan maigidansa, aka sa masa irin sunansa. Na gaya masa tiren goro da aka dire a ƙasa, da ruwa har ƙugu, da takalmin salla, da yadda yaron ya girma ya yi furfura yana zaton ƙin sa ake yi, don shekara talatin da biyar ana ce masa wancan.

Baba ya kamo hannuna.

"Ko sau ɗaya bai faɗa ba?"

"Ko sau ɗaya, Baba."

Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ya shanye, na kai hannu zan share, ya girgiza kai ya ce in bar shi.

"Ashe ina da uba," in ji shi.